Rigar Alhaji Tukur

Asabar, 7 ga Satumba 1963, bayan magariba

Mun ci samarin Kudan biyu da ɗaya, ni kuma na dawo makaranta da rigar mutum a jikina. Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai gama juyawa ba.

Yau ni Malam Abraham, malaminmu na wasanni, ya ba bututu. Bututun kwano ne da wani mai gyaran fitila ya naɗa mana a kasuwar Makarfi, a ciki ake sa baki a yi wa 'yan kallo bayanin tamaula. Na hau tebur ina yi, komai lafiya lau. Can Bobbo ɗan ajinmu, wanda Kudan ɗin garinsu ne, ya kwashi ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya yanke na farko, ya yanke na biyu, ya zuba ta a raga. Sai bakina ya ƙwace mini. Na ce, "Bobbo! Bobbo ɗan Alhaji Tukur mai rake! Ya tauna su ya tofar! Alhaji Tukur, ga ɗanka!" Wallahi ba da wata manufa na faɗa ba, na dai hango tsohon a kujera yana dariya ne.

Kawai sai Alhaji ya miƙe, ya tuɓe babbar rigarsa shuɗiya mai aiki, ya ratso fili ana cikin wasa, ya zura mini ita ta ka. Mata suka rangaɗa guɗa. To babba ya ba ka abu, me za ka yi? Na diro daga tebur, na durƙusa, na ce na gode, Allah ya ƙara arziki. Malam Abraham har da tafi. Shi a ganinsa kyautar ƙwazo ce irin wadda ake ba mu a ƙarshen shekara.

Sai da muka hau mota na tuna su wa ake tuɓe wa riga a bainar jama'a bayan sun kira sunan mutum da ƙarfi. Maroƙa. Ni kuwa ɗan Malam ne, gidanmu a Gazara gidan karatu ne kaka da kakanni.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Na cusa ta a ƙasan akwati. Akwatin duk ya ɗauki ƙanshin turarensa.

Litinin, 9 ga wata, bayan la'asar

Malam Abraham ya tara mu 'yan ƙungiyar sharhi a gindin mangwaro, ya ce wasan ƙarshe na ranar bikin 'yancin kai a Ikara ni zan yi sharhinsa. Ba da bututu ba, da lasifika ta gaske mai batir. Ya ce kuma akwai wani abokinsa da ke aiki a gidan rediyo a Kaduna, zai zo ya saurara.

Ni fa! Ni da 'yan ajinmu suka sa wa suna Bebe. A gida in Malam mahaifina ya ce, "Iliyasu, biya," sai harshena ya naɗe, karatun da na haddace da asuba ya gudu ya bar ni da zufa. Ban shiga ƙungiyar nan don ina so ba, don dai an gwada ni a gola ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna ne aka rasa inda za a kai ni. Ranar farko Malam Abraham ya ce, "Ba na son surutu. Faɗi wanda ke da ƙwallo, faɗi inda take, faɗi ko nawa da nawa ne. Ka ɗauka akwai wani a bayan katanga da ba ya gani, kai ne idonsa." Da na sa baki a bututun sai na ji ba kowa ke kallona ba, duk ƙwallo suke kallo. Shi ke nan magana ta zo, har yau ban san daga ina ba.

Ya kamata in yi murna. Ina yi ma. Amma maganar rigar nan tana raina tun shekaranjiya.

Laraba, 11 ga wata, da azahar

Yau kasuwar Makarfi ke ci. Mutanen Kudan za su zo, mutanen Gazara za su zo, kuma a rumfa ɗaya suke shan fura.

Alhamis, 12 ga wata, da yamma

A ɗakin cin abinci wani ɗan aji huɗu ya manna mini ganye a goshi kamar mai liƙin kuɗi ya ce, "Sarkin roƙo, a yi mini nawa kirarin mana." Kowa ya fashe da dariya, har da Bobbo. Na so in watsa masa miya a ido, amma sai na sunkuyar da kai na ci tuwona. Beben dai yana nan bai je ko'ina ba.

Juma'a, 13 ga wata, bayan an sauko masallaci

An aiko daga gida. Malam ya ce in zo gobe. Ɗan aiken ya ce, ya ce ka taho da akwatinka.

Asabar, 14 ga wata, bayan la'asar, Gazara

Na samu Malam a zaure da littafi a gabansa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, barka da yamma." Ya juya shafi. Na sake gaisuwa. Ya sake juya shafi. Na zauna a nan har ƙafata ta mutu, sannan na ja jiki na shiga ciki.

Gwaggo Saudatu, yayar Malam, ita ta ba ni labari, kuma ba ta rage komai ba. Wai shekaranjiya Gambo, sarkin maroƙan ƙasar nan, ya zo ƙofar gidanmu da yaransa da ƙwaryar goro, ana tsakiyar karatu. Ya yi sallama da muryar nan tasa da ake ji har bakin rafi, ya ce sun zo yi wa Malam murna, ɗansa ya shigo sana'a da ƙafar dama, rigar farko ma ta Alhaji Tukur ce. Ya ce bisa al'ada sabon shiga yakan kai wa sarki gaisuwa, amma saboda darajar Malam ya yafe.

Gwaggo ta ce, "Ka ji abin da bokonka ya jawo mana. Gidan da ake tsugunawa a nemi addu'a, yau ga maroƙa suna kawo goron zumunci." Sai ta juya wajen ɗakin Inna ta ɗaga murya, "Amma ba laifin yaro ba ne. Abin da ya sha a nono ne."

Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

Lahadi, 15 ga wata, da asuba

Na gaishe shi. Bai amsa ba.

Litinin, 16 ga wata, da asuba

Bai amsa ba. Da duka ya yi mini da na fi jin daɗi.

Talata, 17 ga wata, da azahar

Ruwa ake yi tun safe. Na shiga ɗakin Inna na tambaye ta abin da Gwaggo take nufi. Ta ce, "Ɗan Malam, ka ci abinci?" Na ce ba abinci na tambaya ba. Ta ce in miƙo mata faifai. Na miƙa mata, ta riƙe shi a hannu ba ta yi komai da shi ba.

Na san sunan kakana na wajen uba da na kakansa, na san garin da kowannensu ya je neman ilmi. Na wajen Inna kuwa sunansa kawai na sani, Ya'u, kuma ya rasu kafin a haife ni. Ba a taɓa kai ni garinsu ba. Ban taɓa tambayar sana'arsa ba, yau ma ba zan rubuta abin da nake zato ba.

Da zan fita ta ce, "Ko me ya ce, ka ce to. Ka rufa mini asiri."

Alhamis, 19 ga wata, bayan magariba

Kai, ni Iliyasu na ga ta kaina yau.

Da safe Malam ya aiko Gwaggo ta ce mini, ya ce a mayar wa mai riga rigarsa. Na ji daɗi ma, ko ba komai saƙo ne daga bakinsa. Na naɗe ta na ɗaure a bayan keke na kama hanyar Kudan cikin taɓo. Na samu Alhaji Tukur a bakin gonar rakensa da mutane kewaye da shi. Muka gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ruwa. Sannan na ajiye rigar a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, an ce in dawo da ita."

Fuskarsa ta canza. Wani dattijo ya raɗa masa magana a kunne, sai na ga ya yi ajiyar zuciya ya yi dariya. Ya ce, "Af! Gaskiyarka, yaro. Riga ba wando ba hula, ai na yi rowa. Ka ga yaron nan, ya san hakkinsa!" Ashe in maroƙi ya dawo da kyauta, nufinsa ta yi kaɗan. Na ce wallahi ba haka ba ne, ni ba maroƙi ba ne, ɗan makaranta ne. Ya ce, "Na sani mana, maroƙin zamani, mai bututu." Aka sake dariya. Ya aika gida aka kawo wando da hula, ya sa aka ɗaure mini rake a keke. Ya ce abin da ya tuɓe a gaban jama'a ba ya komawa wuyansa, in na sake dawo da ita to shi da Malam ne.

Na tafi da abu ɗaya na dawo da uku, ga rake. A hanya na tsaya a kan gada na yi niyyar watsa su duka a ruwa, amma na kasa, kayan mutane ne. Gwaggo tana ƙofar gida lokacin da na iso. Ta kalli keken, ta tafa hannu, ta shige ciki da saurinta.

Juma'a, 20 ga wata, da la'asar

A masallaci na tsaya sahun baya. Mutum biyu sun tambaye ni ko ina zuwa biki.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

Yanzu suna atisaye a makaranta. Ban san wa ke kan tebur ba.

Litinin, 23 ga wata, bayan azahar

Malam Abraham ya zo da kansa a keke, wandonsa duk laka. Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ni ina rakuɓe a bayan ƙyaure ina ji.

Bawan Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce yaron nan da ba ya iya ɗaga ido a aji, yanzu shi ke fara ɗaga hannu. Ya ce saura shekara biyu ya gama, a cire shi yanzu asara ce. Ya ce wannan aiki ne na gaske, a rediyo ana ɗaukar mutane saboda shi. Har nan ina cewa madalla a raina. Sai ya ƙara da cewa, "Malam, da ka ga yadda jama'a suke son muryarsa! Mata na guɗa, har wani babban mutum ya ba shi riga!" Na dafe kai. Shi duk a zatonsa yabona yake yi.

Malam ya ce, "Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri. A gaida mutanen gida." Ya raka shi har bakin hanya.

Na bi shi a guje ta bayan gida. Ya ce, "Me na faɗa ba daidai ba?" Ya dafa kafaɗata ya ce ranar Talata ta sama, ranar wasan Ikara, motar makaranta za ta ratso ta Gazara da hantsi, za su tsaya a bakin kasuwa su yi oda. In an bar ni in fito. In ba a bar ni ba, kada in gudo, ba ya son ya raba ɗa da uba.

Talata, 24 ga wata, da asuba

Bai amsa ba.

Alhamis, 26 ga wata, da la'asar

Na je yanko wa akuya ciyawa na ci karo da Gambo a hanyar rafi. Na so in kauce, ya tare ni. A kusa tsoho ne ƙwarai, haƙoransa sun yi ja da goro. Na ce, "Baba, me muka yi maka ka je ƙofar gidanmu?" Ya ce shi da zuciya ɗaya ya je, a wurinsu girmamawa ce. Ya ce, "Ina Kudan ranar nan. Da ka buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce wa yarana, ku tashi tsaye, Ya'u ya dawo. A hannunsa na koya, yaro. Ba a sake yin kamarsa ba."

Na ce ni ban roƙi kowa komai ba, wasa nake faɗa wa mutane. Ya ce to, Allah ya taimaka. Ya tafi yana waiwayena, idonsa da ƙwalla.

Na zauna a kan ciyawar na daɗe. Haushinsa nake so in ji, ya ƙi zuwa.

Asabar, 28 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta ce wa Inna ko za ta je ganin dangi ta ɗan kwana biyu har ƙura ta lafa. Inna ta ce to. Ba ta da dangin da suka rage, kowa ya sani. Malam ya ji daga zaure, ya ce, "Ba inda za ta." Wannan ce maganarsa ta farko da na ji a cikin gida tun da na dawo, ita ma ba da ni ya yi ba.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Gobe ne. Na wanke kayan makaranta na shanya a bayan rumbu inda ba mai gani. Ban san don me ba.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Da asuba na gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau." Saura kaɗan in faɗi. Ya ce in rana ta ɗaga in same shi a zaure.

Na same shi da Liman. Ya rufe littafinsa ya ce, "Kowa ya faɗa mini abin da kake yi, ni kaɗai ne ban ji ba. Tashi tsaye. Yi mini wasan Kudan ɗin, tun daga farko."

Na tashi. Na fara, na ɓata tun a kalmar farko, na yi tari. Liman ya kawar da kai don tausayi. Sai na rufe ido na ga filin, na ga tutar kusurwa, na ga golan Kudan da jar hularsa. Na ce an busa usur, an take. Na bi ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa, na faɗi wanda ya faɗi, na faɗi wanda ya tashi, na faɗi yadda suka fara cin mu da yadda muka rama kafin hutu. Da na zo kan cin Bobbo na ce ta shiga raga, na yi shiru. Malam ya ce, "Ka tsallake. Faɗi yadda ka faɗa." Na faɗa, da sunan Alhaji da komai, da dukkan muryata.

Da na buɗe ido, Liman ya saki carbinsa a cinya, bakinsa a buɗe. Ƙofar zaure ta cika, yara da manya, har da mai tallan ƙosai da tirenta a ka. Wani daga baya ya ce, "Sai aka yi yaya?"

Malam ya daɗe yana kallon mutanen nan. Sannan ya ce su ba mu wuri.

Ya ce, "Tun ina saurayi nake karantarwa a zauren nan, ƙofar nan ba ta taɓa cika haka ba." Ya ce, "Na so in ji shirme ne, Iliyasu. Da shirme na ji, da na ce yarinta ce, in sa ka a mota yau ka koma karatunka. Na taɓa jin murya irin wannan sau ɗaya. Duk mai kuɗin ƙasar nan sai da ya tuɓe masa riga, ranar da ya rasu kuwa da ƙyar muka cika sahu ɗaya. Ni na yi masa salla. Ka iya. Wallahi ka iya. Saboda haka ba za ka koma ba."

A daidai nan motar ta yi oda a bakin kasuwa. Duk mun ji ta.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ba zan fita ba. Amma ba roƙo nake yi ba. Aiki ne, kuma shi nake so in yi a rayuwata, ko ba bana ba. Zan sake tambaya baɗi, in Malam ya hana in sake tambaya." Ban taɓa haɗa masa magana mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni. Liman ya ce subhanallahi. Malam ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Na ji. Tashi ka je."

Motar ta sake yin oda, ta daɗe tana yi. Daga baya na ji ta tashi.

Ina bayan rumbu yanzu, kayan makarantar sun bushe a kan igiya. Kuka nake yi kamar ƙaramin yaro, kuma ban san na wanne ba ne a ciki. An cire ni daga makaranta. Amma ya ce na iya. Da bakinsa ya faɗa, har da rantsuwa, a gaban Liman.